Ciwon Sukarin Yara: Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Kan Mai Ita

Daga Wakilinmu

A ɗauka ga wani yaro ɗan shekara 10 a ɗaya daga cikin tungayen masunta da ke bakin Kogin Kwara, a Ƙaramar Hukumar Shanga. Wata biyu da suka wuce lafiyarsa lau, yana zuwa makaranta da safe, da la'asar kuma ya bi mahaifinsa cikin kwalekwale wajen jan taru. Sai aka lura ƙishirwa ta dame shi, yakan shanye moɗa bayan moɗa bai ƙoshi ba. Da dare yakan tashi fitsari sau biyar ko shida, har ya koma fitsarin kwance wanda ya bari tun yana ɗan shekara 3. Yana cin tuwon mutum biyu, amma kullum sai ƙara ramewa yake yi. Wurin da ya yi fitsari a bayan ɗaki kuwa, kafin a jima kiyashi ya taru.

A gida wasu za su ce shawara ce, wasu su ce tsutsar ciki, wasu kuma su kawo zancen maita ko kambun baka. Za a jiƙa saiwoyi, a sayo maganin zazzaɓi a kemis. Ranar da ya fara amai da ciwon ciki, idonsa ya faɗa, numfashinsa ya yi zurfi yana fita da sauri, a ranar ne za a nemi mota zuwa Yelwa. In Allah ya sa ma'aikacin da ya karɓe shi ya ɗiga jininsa a na'urar awon sukari, to, cikin minti guda za a san abin da ke damunsa. In kuwa ba a yi ba, mai yiwuwa a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, domin alamominsu sun yi kama, yaron kuma ya rasu ba tare da an rubuta sunan cutar da ta kashe shi ba.

Wannan cuta ita ce ciwon sukarin yara, wanda likitoci ke kira nau'i na 1. Shekara 60 ke nan masana garkuwar jiki na bin diddigin musabbabinsa, kuma abin da suka gano ya shafi ƙasar Yawuri fiye da yadda mai karatu zai zata.

AIKIN INSULIN

A bayan tumbin mutum akwai wata halitta doguwa mai kama da harshe, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Mafi yawan aikinta shi ne zuba ruwan da ke narkar da abinci a hanji. Amma a cikinta akwai wasu ƙananan curi-curi wajen miliyan guda, a warwatse kamar gungun da ke tsakiyar kogi, waɗanda wani ɗalibin likita na Jamus mai suna Paul Langerhans ya fara gani da madubin ƙara girma a 1869. Har yau tsibiran Langerhans ake kiran su. A cikin tsibiran nan ne ƙwayoyin da ake kira bita suke, su ne kuma masu yin insulin.

Duk abincin da muka ci, ko tuwon dawa ko shinkafa ko rogo, jiki yakan mai da shi sukari ya shiga jini. Insulin shi ne mai buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi. Idan babu shi sai sukari ya cunkushe a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi cikin fitsari tare da ruwa mai yawa. Dalilin yawan fitsari da ƙishirwa ke nan. Jiki kuwa, da yake yunwa yake ji alhali abinci na yawo a jini, sai ya koma ƙona kitse da tsoka, yaro ya rame. Ƙona kitse da yawa yana haifar da wasu sinadarai masu sa jini ya yi tsami, wanda shi ke kawo amai da zurfin numfashi da doguwar suma.

Ciwon sukarin da aka fi sani a wajen manya, watau nau'i na 2, dabam yake. Mai shi yana da insulin, sai dai jikinsa ba ya jin kiransa sosai, saboda haka gyaran abinci da ƙwayoyin sha kan taimaka masa. Yaro mai nau'i na 1 kuwa, ƙwayoyin bita ɗinsa ne suka mutu. Ba shan sukari ko rake ko zuma ne ya jawo masa ba, ba a kuma ɗaukar cutar daga wani. Abin da zai raya shi shi ne allurar insulin kullum, kuma dole ta allura, domin in an sha shi ciki zai narkar da shi kamar nama.

Kafin 1922 duk yaron da ya kamu, mutuwa ce a gabansa. A 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada, James Collip ya tace shi, sa'an nan a watan Janairu na 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allura ta farko. Ya ƙara shekara 13 a duniya. An sami magani ke nan, amma tambayar me ke kashe ƙwayoyin bita ta zauna ba amsa har fiye da shekara 40.

YADDA AKA KAMA MAI LAIFI

Sawu na farko mai ƙarfi ya fito a 1965. Wani likitan binciken gawa na ƙasar Beljiyam, Willy Gepts, ya duba fankiriyas na matasa 22 da suka mutu ba da daɗewa ba bayan kamuwarsu. A cikin 15 daga cikinsu ya tarar fararen ƙwayoyin jini sun yi wa tsibiran ƙawanya. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun jiki, aikinsu yaƙar ƙwayoyin cuta. Me ya kai su wurin da babu baƙo?

A 1974 aka sami amsa ta hanya biyu. A Asibitin Middlesex da ke Landan, Gian Franco Bottazzo da Deborah Doniach da abokin aikinsu suka gano a cikin jinin wasu masu ciwon sukari akwai makaman garkuwa, waɗanda ake kira antibodi, da ke manne wa tsibiran mutumin kansa. A shekarar kuma Jørn Nerup a Kofanhegan ta Denmak, da wasu masana a Libaful ta Ingila, suka nuna cewa cutar na tafiya tare da wasu ƙwayoyin gado da ake kira HLA, waɗanda aikinsu shi ne nuna wa garkuwar jiki wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Hujja mafi ƙarfi ta zo daga ɗakin tiyata. A farkon shekarun 1980, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, David Sutherland ya yanki rabin fankiriyas na tagwai mai lafiya ya dasa wa ɗan'uwan tagwaicinsa mai ciwon. Da yake tagwayen masu kama ɗaya ne, ba a ga dalilin ba da maganin danne garkuwa ba. Da farko masu ciwon suka warke. Amma cikin 'yan makonni zuwa watanni kaɗan sai cutar ta dawo, da aka duba kuma sai ga dakarun jiki sun sake far wa ƙwayoyin bita kaɗai, sun bar sauran. Ashe garkuwar ba ta manta ba.

Daga nan likitoci a Kanada da Faransa suka gwada ba sababbin kamuwa maganin danne garkuwa mai suna sikulosforin, suka buga sakamako a 1984 da 1986. Lalle wasu sun rage bukatar allura, har wasu suka daina na ɗan lokaci. Sai dai maganin na cutar da ƙoda, kuma da an tsayar da shi ciwon ke komowa. Bai zama magani ba, amma ya tabbatar da zargi. A 1986 George Eisenbarth ya tattara wannan duka ya bayyana cewa cutar daɗaɗɗen yaƙi ne na cikin gida, wanda kan fara shekaru kafin a ga alama, kamar gara da ke cin azara ba a sani ba sai ranar da rufi ya rufta.

A yau an san manyan antibodi huɗu da ke nuna yaƙin ya fara: mai kai wa insulin kansa hari, wanda aka gano a 1983, da na GAD a 1990, da na IA-2 a tsakiyar shekarun 1990, da na ZnT8 a 2007. Su antibodi ɗin shaida ne kawai, kamar hayaƙi. Masu kisan su ne fararen ƙwayoyin jini nau'in T.

GADO DA MUHALLI

Ta yaya dakaru ke rasa gane ɗan gida? Ƙwayoyin T kan sami horo a wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, inda ake kashe duk wanda ya nuna alamar zai kai wa jiki hari. Amma tankaɗen ba ya tsare duka, wasu kan sulale. Saboda haka jiki na da wasu ƙwayoyin T na musamman masu tsawatarwa, kamar dogarai a cikin taro. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya bayyana su a 1995, sa'an nan Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke sarrafa su a 2001. Jarirai maza da aka haifa da wannan ƙwayar gado a lalace sukan kamu da ciwon sukari tun suna goye. Masanan uku su ne suka karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

Gado na da hannu, babu shakka. Kusan rabin haɗarin da ake gada yana wajen HLA, kuma an gano wasu wurare fiye da 70 a ƙwayoyin gado masu ƙara kaɗan-kaɗan. A ƙasashen Turawa, wajen yaro ɗaya cikin 300 ke kamuwa, amma wanda ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da ciwon, haɗarinsa ya kai wajen ɗaya cikin 20. Duk da haka, kusan tara cikin 10 na yaran da ke kamuwa babu mai cutar a gidansu. Tagwaye masu kama ɗaya ma, sau da yawa ɗaya kan kamu ɗaya ya tsira. Ke nan akwai wani abu daga waje da ke kunna wutar.

Ƙasar Finlan ita ce kan gaba a duniya, inda a kowace shekara wajen yara 60 cikin 100,000 'yan ƙasa da shekara 15 ke kamuwa. Abin mamaki, a lardin Kareliya na Rasha da ke iyaka da ita, inda jama'a ke da ƙwayoyin gado masu kama da nasu amma talauci ya fi yawa, wani bincike na 2005 ya nuna kamuwar wajen kashi ɗaya ce cikin shida na ta Finlan.

Domin gano mai kunna wutar aka kafa babban bincike mai suna TEDDY a 2004. An gwada jarirai fiye da 420,000 a Amurka da Finlan da Jamus da Suwidin, aka zaɓi 8,676 masu haɗarin gado, aka riƙa ɗibar jininsu da bayan gidansu, ana rubuta abin da suka ci da cututtukan da suka yi har su kai shekara 15. A 2019 masanan suka ba da rahoto cewa yaran da wata ƙwayar bairus ta hanji, daga dangin enterobairus, ta daɗe a cikinsu sun fi saurin fara nuna antibodi. Zargin wannan dangi ya tsufa, domin tun 1979 aka ciro ɗaya daga cikinsu daga fankiriyas na wani yaro ɗan shekara 10 da ya mutu a Amurka. An kuma daɗe ana zargin madarar shanu ta gwangwani, amma babban gwajin da aka buga a 2018 ya nuna sauya wa jarirai irin madarar bai rage kamuwa ba. Har yanzu masana ba su tsayar da musabbabi guda ba. Abin da suka fi karkata a kai shi ne abubuwa da dama ne ke haɗuwa a jikin yaron da gadonsa ya riga ya ba da ƙofa.

DAGA BADUN ZUWA TAFKIN KAINJI

A nan ne Nijeriya ta shigo labarin. A 1968 wani matashin likita Bature, Brian Greenwood, wanda ke aiki a Asibitin Koyarwa na Badun, ya rubuta a mujallar Lancet cewa cututtukan da garkuwa ke yaƙar mai ita ba su da yawa a tsakanin majinyatan da ya bincika, in an kwatanta da Ingila. Ya kawo shawarar cewa mai yiwuwa yawan fama da zazzaɓin cizon sauro da tsutsotsi tun yarinta ne ke sauya halin garkuwar. A 1970 shi da abokansa suka nuna cewa sa wa wasu ɓeraye ƙwayar zazzaɓin ya danne irin wannan cuta a jikinsu. Wannan likita shi ne ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi shekara 10 yana binciken sanƙarau da zazzaɓi.

A 1999 Anne Cooke da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij suka ɗauki wani irin ɓera da aka samar a Japan, wanda ke kamuwa da ciwon sukari da kansa, suka sa masa tsutsar tsargiya, irin wadda ke zama a jijiyoyin hanji. Kamuwar ta ragu ƙwarai a ɓerayen da aka sa wa tsutsar tun suna ƙanana. Bayanin da masana suka bayar shi ne tsutsar, don ta zauna lafiya a jikin mai masaukinta, takan ƙarfafa dogaran nan masu tsawatar wa garkuwa.

Mutumin Shanga ko Wara ko Yelwa ba ya bukatar a gaya masa mece ce tsargiya. Tun da aka datse Kwara a Kainji tafkin ya cika a 1968, aka ta da mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni, jama'ar bakin ruwa ke zaune da katantanwar da ke ɗauke da tsutsar, kuma yaro mai fitsarin jini ba baƙon abu ba ne. To, amma kada wani ya karanta wannan ya ce tsargiya kariya ce. Tana lalata mafitsara da hanta da ƙoda, tana shanye jini, tana hana yaro girma da karatu, kuma maganinta wajibi ne. Abin da aka gani a ɓera ba a tabbatar da shi a ɗan Adam ba. Burin masana shi ne su gano sinadarin da tsutsar ke amfani da shi, su mai da shi magani ba tare da tsutsar ba.

KO YARANMU BA SA KAMUWA NE?

An daɗe ana cewa ciwon sukarin yara cutar Turawa ce. Alƙaluman asibitocinmu ma kamar sun goyi bayan haka. Likitocin yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun duba takardun shekara 10, suka buga sakamakon a 2013. A cikin yara kusan 24,000 da aka kwantar, 8 kacal aka samu da cutar. Amma a dubi sauran bayanin: biyar daga cikinsu sun iso jininsu ya riga ya yi tsami, biyu kuma sun rasu, kuma a tsakaice sun yi mako shida da alamomin kafin a kawo su. Waɗannan su ne suka kai babban asibiti. Yaron tunga da ya suma a hanya ba ya shiga lissafi.

Wani babban ƙiyasi da aka buga a 2022 ya nuna cewa a 2021 mutane miliyan 8.4 ne ke rayuwa da nau'i na 1 a duniya, kuma matasa wajen 35,000 'yan ƙasa da shekara 25 sun mutu a shekarar ba tare da an gano cutar ba, 14,500 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara. Ƙiyasin ya ce yaro ɗan shekara 10 da ya kamu a ƙasa mai arziki yana iya sa ran ƙarin shekara 65, a ƙasa matalauciya kuwa 13. A Mali, da aka horar da ma'aikata aka wadata insulin kyauta, adadin yaran da ake ganowa ya ninka wajen sau shida tsakanin 2007 da 2016. Masu binciken sun danganta mafi yawan ƙaruwar ga buɗewar ido.

Akwai kuma wata tambaya. Shin ciwon da ke kama yaran Afirka shi ne daidai wanda Gepts da Bottazzo suka bayyana? Tun a 1980 wani likita na Inugu, J. M. Oli, tare da Bottazzo da Doniach, suka gwada jinin majinyatan Nijeriya suka tarar kaɗan ne ke da antibodi ɗin. Shekara 45 bayan haka, a watan Yuli na 2025, aka buga binciken YODA, wanda Jean Claude Katte na Kamaru da masanan Jami'ar Exeter ta Ingila suka jagoranta. An gwada matasa 894 a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu, dukansu an ce suna da nau'i na 1. Kashi 65 cikin 100 ba su da antibodi ko ɗaya, kuma ƙwayoyin gadonsu ba su nuna haɗarin da aka sani ba, alhali insulin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Watau akwai wani abu dabam da ke raunana fankiriyas ɗinsu.

A watan Afrilu na 2025 kuma, a taronta na Bankok, Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da wani iri da ta kira nau'i na 5, mai alaƙa da rashin abinci mai gina jiki tun daga ciki da yarinta. An fara bayyana shi a Jamaika a 1955. Ga yankin da tamowa ba baƙuwa ba ce, wannan ba ƙaramin zance ba ne. Amma a lura: ko wane iri ne, yaron da ya zo da rama da ƙishirwa da sukari mai yawa a jini, insulin yake bukata nan take, bambancewa kuwa aikin likita ne daga baya.

AN FARA JINKIRTA CUTAR

Amfanin sanin musabbabi shi ne rigakafi. A 2013 wani bincike da ya haɗa yaran Amurka da Finlan da Jamus ya nuna cewa yaron da aka samu da antibodi iri biyu ko fiye, kusan kashi 70 cikin 100 sukan kamu cikin shekara 10. Saboda haka tun 2015 likitoci ke raba cutar mataki uku. A na farko akwai antibodi amma sukari daidai yake, a na biyu sukari ya fara tangarɗa amma babu alama, a na uku alamomi sun fito. A jihar Babariya ta Jamus an gwada yara fiye da 90,000 daga 2015, aka ga waɗanda aka gano da wuri ba safai suke kai wa ga tsamin jini ba. Italiya ta kafa dokar gwada yaranta a 2023.

A 2019 Kevan Herold da abokansa suka buga gwajin wani magani mai suna teplizumab, wanda ke sanyaya ƙwayoyin T masu kai hari. Mutane 76 da ke mataki na biyu ne suka shiga. Waɗanda aka ƙara wa maganin a jijiya na kwana 14 sun yi wajen wata 48 a tsakaice kafin cutar ta bayyana, waɗanda ba a ba su ba kuwa wata 24. A ranar 17 ga Nuwamba 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu shekara 8 zuwa sama. Shi ne magani na farko a tarihi da ya jinkirta cutar. Ba ya warkarwa, kuma farashin da aka sa masa a lokacin ya kai wajen dala 194,000. Bugu da ƙari, in binciken YODA ya tabbata a nan, yawancin yaranmu ba za su amfana da shi ba, tun da ba garkuwa ce ke cin su ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa jami'o'inmu na Sakkwato da Zariya da Kano da Birnin Kebbi su yi nasu binciken a kan namu yaran.

ABIN DA KE HANNUNMU

Kafin nan, abin da zai ceci yaron Shanga ba shi da tsada. Na farko, kowane ɗakin shan magani daga Dugu zuwa Wara ya kasance yana da na'urar awon sukari da takardun gwajinta, kuma ya zama ƙa'ida a auna duk yaron da aka kawo a galabaice ko a sume. Ribar biyu ce, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi kuma yakan sa sukari ya faɗi, na'urar ɗaya ce ke nuna duka. Na biyu, malaman makaranta, na boko da na allo, su riƙe alamomi huɗu: yawan fitsari, yawan ƙishirwa, rama, da kasala. Ɗalibin da ya dami malami da neman izinin fita fitsari, kafin a ɗauko bulala a tambayi iyayensa ko yana tashi da dare.

Na uku shi ne ajiya. Insulin ba ya son zafi, kuma duk da tashar Kainji na kusa, ba kowane ƙauye ke da wuta ba. Binciken da aka yi a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, aka buga a 2021, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Gwajin da aka yi a Kartum aka buga a 2016 ya nuna tukwanen ƙasa na rage zafi sosai, musamman in iska ta bushe. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta sa malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya ci kyautar Rolex a 2000, tana iya yin wannan aiki, muddin an sa kwalbar cikin abin da ruwa ba zai shiga ba, aka kuma ajiye a inuwa.

Na huɗu, ma'aikatar lafiya ta buɗe littafin rajista na kowane yaro da aka gano, da shekarunsa da ƙauyensa da halin da ya zo a ciki. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi. Daga irin wannan littafi ne ɗalibanmu na likitanci da kimiyyar gwaje-gwaje za su fara amsa tambayar da Greenwood ya yi a 1968 da wadda Oli ya yi a 1980.

Ga iyaye kuwa, magana ɗaya ce. Yaron da aka ɗora kan insulin kada a tsayar masa da allura don ya yi ƙiba ya warware, kada kuma a musanya ta da jiƙo, domin kwana kaɗan ba tare da ita ba na iya komar da shi suma. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin maƙiya ba ne. In ya sami allurarsa da abincinsa a kan lokaci, zai yi karatu, ya yi noma ko su, ya yi aure ya haifu kamar kowa. Allah ya ba masu fama lafiya, ya kuma ba hukumominmu ikon sauke wannan nauyi.